Mutum Talatin da Takwas, Ban da Kai

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, ya kuma ƙara maka ƙiba a kan wadda muka gani a hoto. Mu nan sai godiya. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, Kawu ya rabu da jakin nan mai cizo, matar maƙeri ta sauka lafiya. Inna tana nan, idon ne dai ya ƙarasa rufewa bara. Na san ba ka tambaya ba, na sa ne don takardar ta ɗan yi tsawo.

Wasiƙarka ta iso, ta farko cikin shekara goma sha ɗaya. Ka tafi ina izun Sabbi a makarantar allo, ga shi na sauke har na fara mantuwa. Ka ce za a ba ka babban muƙami, amma sai ka kai shaidar cewa kai ɗan ƙauyen nan ne, da hannun mai gari a kai, kafin watan nan ya mutu. Ka ce in rubuto maka tarihin garin, da inda yake, da yawan mutanensa, don ka cike fom. Da na zo wajen inda yake ɗin nan na yi dariya har na ƙware. Amma umarnin babba ne, ga shi nan.

Tarihi dai gajere ne. Kakan kakanmu mahaƙin rijiya ne. Makiyaya suka ɗauko shi ya nemo musu ruwa a gindin dutse, ya cika baki a garinsu cewa kwana bakwai zai yi ya dawo. Ya haƙa rami bakwai, kowanne sai busasshen yashi, makiyayan suka gaji suka kaɗa shanunsu suka yi gaba. A na takwas ya sami ruwa, babu mai sha sai shi. Kunyar komawa gida ta hana shi motsi, sai ya kafa bukka a bakin ramin, can daga baya ya aika aka kawo masa matarsa. Tsofaffi sun ce har ya mutu bai koma ya ga uwarsa ba. Ka ga ashe ba a ƙasa ka tsinta ba, gado ne.

Inda garin yake kuwa bai gusa ba. Dutse yana yamma, rafi yana gabas, ramukan nan bakwai suna nan a jere bayan masallaci suna cin awaki. Hanya ɗaya ce tal. In mota ta sauke ka a bakin kwalta, tafiyar ƙafa ce daga hantsi zuwa azahar ga mai ƙarfi. Kai da tumbin nan ka ƙara la'asar. Rafin ya fara kawowa, jiya ya kai mini gwiwa, in aka ƙara ruwa biyu sai dai mu ɗaga wa juna hannu.

Saura yawan mutane, a nan ne nake da ɗan laifi. Da ka tafi mu sittin da ɗaya ne. Yanzu gida tara ne, mutum talatin da takwas, har da jaririyar maƙeri. Wasu birni ya haɗiye, wasu muna tare da su a bayan dutse, ciki har da Baba, wanda ka ce aiki ya hana ka zuwa jana'izarsa. Lissafin ba nawa ba ne. Da rani wasu ma'aikata biyu suka zo da babban littafi suna rubuta mutanen ƙauyuka, mai gari ya ce in zaga da su. Aikinsu shi ne su tambayi kowace uwa nawa ta haifa, nawa ke raye. Muka shiga gidanmu, Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake da lalube. Suka tambaya, sai na yi caraf na ce biyu ne, babban ya rasu. Wallahi tsokana ce, Yaya. Har na duƙa ina jiran sandarta, don ka san ko makauniya ce ba ta kuskure bayana.

Sandar ba ta taso ba. Mai alƙalamin ya yi mata ta'aziyya, ya tambaye ta ko haka ne. Ba ta ɗago ba, ta ce ita dai ba ta ganinka, ba ta jin muryarka, su rubuta abin da yaron ya faɗa. Ya tambayi shekarar rasuwar, ta ba shi shekarar da aka binne Baba. Na buɗe baki zan gyara, ta ce in ɗebo wa baƙi ruwa. Kafin in dawo an ja layi a kan sunanka, da yamma mai gari ya dangwala yatsa a ƙasan shafin.

Shekaranjiya na kai masa buƙatarka. Ya ce yatsan da ya shaida mutuwarka ba zai shaida rayuwarka ba, sai in wadda ta faɗa ta zo da bakinta ta warware. Na dawo na karanta wa Inna wasiƙar tun daga sama har ƙasa, shafi biyu, rabonta a ciki kalma huɗu, a gai da Inna, a gefe, inda ka matse su. Ta karɓi takardar ta shafa, ta tambaya ko akwai wani abu a bayanta. Na juya na ce fari fat. Na so in ƙara maka gishiri, amma a allo aka hana mu ƙara ko wasali.

Ga amsarta, yadda ta faɗa. Ta ce ba ta shaidar takarda, ba ta shaidar muryar waya, ko wani ɗan aike da za ka turo da tsaraba. Ta ce ɗanta yana da tabo a bayan kunnen hagu, tun ranar da ya faɗa rami na huɗu ta shiga da kanta ta fito da shi. In akwai mai cewa shi ne, ya zo ya durƙusa a gabanta ta laluba. In ta ji tabon za ta sa a ja ta har gidan mai gari. In kuwa ba ta ji ba, littafi ya riga ya bushe. Kwana goma sha biyu suka rage maka, ga kuma rafi. Ka taho da takalmin da ba ka so.

Ka gaishe mini da matarka da ba mu taɓa gani ba, da yaran, ko nawa ne. Gwaggo tana gaishe ka, Kawu yana gaishe ka, maƙeri ya ce Allah ya jiƙanka, na ce masa ya bari tukuna. Ba za ka ga gaisuwar Inna ba. Na tambaye ta ko in sa, ta ce ba a gai da mamaci, addu'a ake yi masa, kuma tana yi maka kowace salla.

Ka huta lafiya. Naka, ƙanenka, wanda a littafi yanzu shi ne babba.