Awa Ɗaya a Jirgi

Auta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya aiki? Mu nan lafiya lau, sai dai jikin Baba, da sauƙi dai za a ce.

Bayan haka, na gaji da jin wannan awa ɗayar taka. Duk wanda ya tambaye ka yaushe za ka zo gida, sai ka ce ai awa ɗaya ce a jirgi, ka karya kumallo a can, ka ci na rana a nan. Shekara ta uku ke nan muna ɗumama maka abincin ranar. Yayanmu Dogo da ke ƙetaren teku, mai sauya jirgi biyu yana kwana a bencin filin jirgi, ya zo har sau biyu. Shi ya san yana nesa, tun da wuri yake neman hutu. Kai kuwa kusancin ne ya sangarta ka.

Hoton taswirar da ka turo ma ya iso, da jan layinsa da kilomitocinsa. Baba ya sa tabarau, ya sa na ƙara masa girmansa a waya, ya auna layin da yatsa, bai kai gaɓa biyu ba. Ya tambaye ni me ya tare hanyar. Don Allah me zan ce masa? Likita ya ce zuciyar Baba ba ta ƙara ƙarfi. Ka zo.

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka.

Auta,

Ina fatan kun tashi lafiya, yara kuma suna karatu. Saƙonka ya same ni, wai ƙarshen wata in taro ya lafa. Wannan ƙarshen watan na san shi, ƙanin awa ɗaya ne.

To ga abin da ka jawo. Shekaranjiya Baba ya sauko da tsohuwar jakarsa daga kan kabad, ya ce tunda kusa ne, shi zai je. Na kai shi wurin likita don a tsorata shi. Likita ya hana shi hawa jirgi, sai Baba ya gode masa, ya aiki maƙwabcinmu tasha ya sayo tikitin mota. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye takalmansa, Dogo ya yi ta magiya a waya. Ko gezau. Dole na sayi kujerar kusa da shi.

Direban ya ce awa goma sha uku ne in hanya ta yi kyau. Ƙafafun Baba kumbura suke in ya zauna awa biyu, kuma wallahi tsoro nake ji. Asabar da asuba za mu taso. Akwai jirgi ranar Juma'a, na duba maka.

Baba ya ga ina rubutu, ya ce in gaya maka: "Kada ya wahalar da kansa zuwa tasha, na san yana da aiki. Ya turo kwatancen gidan kawai."

Taka,
Yayarka.