Ragowar Gurasar Lahadi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Marta,

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ɗiya ke yi wa uwa, ina fatan kina cikin hutu a wurin Ubangiji. Tariza ce, autarki, daga Mayahi. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da muka kai ki makwancinki a Tasawa, ban taɓa rubuta miki ba sai yau. Na san masu bin shafina na intanet za su karanta, har da matan ikilisiyar maigidana. To, su karanta. Magana ce da na kasa faɗa a gabansu.

Kin san shi, Inna. Mushen lakwal ɗin nan ne, malamin makaranta mai dogon wuya, wanda ke zuwa zance da littattafan soyayya a aljihun riga, kina yi masa tsiya cewa ko ɗiyarki takarda za ta ci. Kin ce mini yaron kirki ne, amma mu zauna mu yi maganar bagade, wato inda za mu riƙa sujada, tun kafin a fara maganar kayan ɗaki. Ban ji ba. A littattafan da nake karantawa, abin da ke raba masoya kullum mutum ne mai mugun hali, ni kuwa na duba ban ga mugu ba. Bayan rasuwarki aka ɗaura mana aure a majami'arsu ta 'yan Fentikos, ba a tamu ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ina so ki riƙe wannan kafin ki ji sauran.

Lahadin farko na kowane wata suke yin Jibin Ubangiji. Mama Fasto ta ji labarin na iya gasa gurasa a tukunya, sai ta ba ni aikin. Na yi murna ƙwarai. Ranar Asabar nakan kwaɓa fulawa, in gasa guda biyu manya, in dafa zoɓon da suke zubawa a ƙananan kofuna. Fasto ya yi addu'a, ya gutsuttsura, kowa ya ɗauka, ana waƙa ana tafi.

Ran farko, da aka tashi, na ga ragowar a kan tire, kusan rabin gurasa. Wata mata ta yago ta cusa a baki tana ba da labarin tsadar wake. Wata ta ƙulle nata a bakin zane. Ɓarɓashin kuma aka kakkaɓe a ƙofar majami'a, kajin maƙwabta suka taho da gudu.

Inna, na tsaya ina kallon kajin.

Ke na tuna a ƙaramar majami'armu ta Tasawa, ranar da firist, limaminmu, ke zuwa daga Maradi. Yadda yake tattara ɓarɓashin farar gurasar nan da ɗan yatsa, ya zuba a ƙoƙo, ya ɗauraye, ya shanye, mu duka muna durƙushe. Ke ce mai wankin ƙyallayen bagade, teburin hadayarmu. Ruwan wankin farko ba ya bin magudana, sai kin kai shi gindin bishiyar dogon yaro kin zuba a hankali. Da Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu, ta tambaye ki dalili, kika ce mata: "Hajiya, ke kina zubar da naman layya a juji? To, tamu hadayar ke nan." Ta gyaɗa kai, ba ta sake tambaya ba.

Haka kika koya mini. Cewa a babbar sujadarmu ta Mes ba sabon yanka ake yi ba, hadayar nan ɗaya ta kan gicciye ce ake kawowa gabanmu, mu tsaya a gindinta kamar muna can ranar. Abin da ke kan bagade kuma ya daina zama gurasa, ya zama jikin Ubangiji.

Wata na biyu, kafin kowa ya kai hannu, na ɗauke tiren na shiga ɗan ɗakin da ake ajiye benci. Na durƙusa na cinye ragowar duka, ba ruwa, har tana tsaya mini a wuya. Na lashe ɓarɓashin da ɗan yatsa. Wata na uku ma haka. A na huɗu Iya Kande, tsohuwar da ke share majami'a, ta buɗe ƙofa ta same ni baki cike. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce: "Amarya, in ciki ne ki hwaɗa mana mu fara tanadin zannuwa, ki bar ɓoyo." Kafin la'asar labari ya zaga. Yanzu in na shigo, sai wata ta ce a ɓoye tire, ga mai gadin gurasa ta iso. Wasa suke yi, ba ƙiyayya ba ce. Ni ma ina dariyar tare da su.

Sai na yi dabara irin ta jaruman littafi. Na ce in babu ragowa, babu magana. Na gasa guda ɗaya ƙarama, daidai mutanen da na saba gani. Ran nan kuwa sai ga baƙi, iyali guda daga wani ƙauye wajen El Allassane Maïreyrey, sun taho a amalanke tun da safe don Jibin kawai. Maigidana ne ke zagawa da tire. Gurasa ta ƙare a hannunsa, saura mutum biyar, har da dattijon baƙin da ya riga ya miƙo hannu. Na ga bayan wuyan maigidana yana zufa. Dattijon ya mayar da hannunsa cikin riga a hankali.

A gida bai yi faɗa ba. Ya zaunar da ni a kan tabarma, ya yi mini bayani irin na aji, yana lanƙwasa yatsu. Ya ce hadaya sau ɗaya aka yi ta, ta cika, ta ƙare, ba mai sake miƙa ta kuma ba mai ƙara mata komai. Abin da suke yi tunawa ce da godiya. Ya ce Ubangiji yana cikin taron masu bi, yana cikin zuciya, ba a cikin fulawar da ni da kaina na sayo a kasuwar Mayahi ba. Sannan ya ce abin da ya fi zauna mini: "Tariza, saboda ɓarɓashi kin hana bawan Allah cin rabonsa." Gaskiya ya faɗa, Inna. 

Na kira Gwaggo Lami a waya, ƙanwar Baba, ina tsammanin ita za ta tsaya mini, tunda har yau ba ta fashin Mes. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce: "Ɗiyata, wahalar banza kike. Wanga abu da kike ci gurasa ce kawai. Ba firist, ba bagade, mi aka miƙa?" Ta kuma tuna mini cewa ko na zo Tasawa, sai dai in zauna a benci in kalli ana karɓar gurasar bagade, tunda ba a gyara aurena a wurinmu ba.

Kin gani? Maigidana ya ce gurasa ce. Gwaggo ta ce gurasa ce. Mutum biyun da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, a kan wannan bakinsu ɗaya. Ni kaɗai ce a ɗakin benci, ina durƙusa wa abin da ɓangarorin biyu suka ce ba komai ba ne. Kaina ya yarda da su. Hannuna ne ya ƙi, hannun da kika riƙe kika koya masa.

Abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce Lahadin Jibin da ke tafe in gasa manya biyu kamar da, in an tashi kuma in raba ragowar da hannuna a gaban mata, magana ta mutu. Ana shirin sa shi cikin dattawan ikilisiya, an fara tambayarsa ko matarsa tana tare da su ko jikinta kawai ke zuwa. Bai ce dole ba. Da ya ce dole, da na samu wanda zan yi fushi da shi.

Jiya ce Lahadin, Inna. Na raba.

Na tsaya a ƙofa da tire, na gutsura wa kowacce. Iya Kande ta ce za ta jiƙa wa tsohonta a shayi, haƙora sun ƙare masa. Wata ta ce ɗiyanta na son ta da mai da yaji. Wata ta karɓa ta wuce, amma na san tana da awaki. Mama Fasto ta dafa kafaɗata ta ce yau na zama 'yar gida. Ɓarɓashin wata ta karɓi tiren ta kakkaɓe, ni kuwa na kafa ido a bango har aka gama.

Abin da ba wanda ya lura da shi, sai ke zan faɗa wa. Da tire ya zo gabana a cikin sujada, ban ɗauka ba. Na kai hannu na dawo da shi wayam, na rufe baki kamar ina taunawa. In jiki ne, ba zan iya raba shi a ƙofa ba. In zan raba shi a ƙofa, ba zan iya karɓarsa ina cewa amin ba. Don in cika roƙon maigidana, sai da na tashi da yunwa daga tebur na biyu, bayan na farko ya riga ya rufe mini. Yanzu zai karanta wannan ya sani, kuma ban san abin da zai ce ba.

Inna, ina kewarki. Ina kewar gefen zanenki da nake riƙewa a layin karɓa.

Ya Ubangiji, ka ba Inna hutawa ta har abada, haskenka ya haskaka mata. Ka saka wa maigidana da alheri, kada ka bari in zama sanadin kunyarsa. Ni kuma, ka san inda kake da inda ba ka. Kafin Lahadin farko na wata mai zuwa, ka nuna mini wurin da zan miƙa hannu in ci. Amin.

Ɗiyarki mai tuna ki kullum,
Tariza
Mayahi