Ruwan da Na Aika wa Mazal

Aziziyya, Makka
3 ga Rajab, 1445

Zuwa ga 'yar'uwata Mazal,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin? Yaya 'yarki Nora da yaranta, yaya sanyin Landan? Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwoyina da suka yi ritaya ba su sanar da ni ba.

Takardarki ta iso ta hannun Dawuda, ɗan wan marigayi maigidana, da ya zo Umra. Har yau Hausarki ta Innata ce, ta gidanku na Umdurman a Sudan, Turawa ba su iya yi mata komai ba. Kin ce likitoci sun daina ɓoye miki. To, shekara da shekaru kina wannan opera taku, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, kuma duk faifan da kika aiko mini ke ake kashewa a ƙarshe. Yau tari, gobe wuƙa, jibi ki faɗo daga katanga. Kina kwance kina mutuwa, muryar kuwa tana can sama kamar za ta fasa gilashi. Sai a buɗe labule ki miƙe ki karɓi furanni. Na saba da wannan miƙewar, Mazal. Ban shirya wa wadda ba a buɗe labule bayanta ba.

Kin roƙe ni kwalba ɗaya ta Zamzam, ta ƙarshe: rabi ki sha, rabi a zuba a ruwan da matan jama'arku na Yahudawa za su yi miki wankan gawa da shi. Kin ce ruwan da ya dawo miki da murya shi ya kamata ya raka ki. Dawuda ya tsaya a bakin ƙofa yana jira in miƙo kamar yadda na saba. Na ce masa ban samu zuwa Harami ba. Ya wuce Madina, zai biyo ta nan bayan kwana takwas.

Akwai maganar da na ɗauki biro saboda ita, ga shi takarda ta cika ban fara ba. Zan tura wa Nora hoton wannan ta waya. Ki jira ta biyu.

Allah ya ƙara sauƙi.
Taki,
Rabi'atu

Aziziyya, Makka
11 ga Rajab, 1445

Mazal,

Ina gaishe ki, ina gaida jiki. Ki sa a jingina miki matashi, labarin yana da ɗan tsawo.

Kin tuna shekarar da na haifi Hisham, lokacin da muryarki ta ɗauke a Milan, likitoci suka ce sai sun sa wuƙa a maƙogwaronki? Kin rubuto mini kina kuka. Kin ce kin tuna Inna ta taɓa ɗiga miki Zamzam a baki muna yara, tarinki ya tsaya, ni kuma ga ni a bakin rijiyar.

Na je, wallahi na je. Na cika jarka na ɗora a kai har gida. A tsakar gida matan unguwa suka tambaye ni ta wace ce. Bakina ya kasa cewa ta Bayahudiya ce, mawaƙiya, wadda uwata ta shayar tare da ni lokacin da take yi wa gidansu girki. Sai na ce ta wata gwaggona ce a Sudan. Daga nan zuciyata ta fara yi mini wa'azi. Ta ce ruwa mai tsarki zai bi ta maƙogwaron da ke yi wa maza waƙa, kai a buɗe, kuma ni za a tambaya ranar gobe. Ban tambayi malami ba, don kunyar faɗin sunanki nake ji.

Na juye Zamzam ɗin a randarmu. Na sayi ruwa wajen saƙƙa, mai tallar ruwa a unguwa, na cika kwalba. Na san Zamzam yana da ɗan nauyi a harshe, sai na murje kanwa kamar ƙwayar gero biyu na jefa. Shi na aika miki.

Wata biyu bayan haka kika aiko da hoto kina tsaye a gaban mutum dubu biyu, a bayansa kin rubuta cewa Rabi ce ta yi wannan.

Ba nan laifin ya tsaya ba. Bayan shekara shida na yi ƙarfin hali na tambayi wani malami a Harami. Ya ce ba laifi a shayar da kowa Zamzam, ya wuce abinsa. Na yi murna, na aika miki na gaskiya. Amsarki tana nan a akwatina. Kin tambaya ko an haƙa sabuwar rijiya ne, don wannan ba shi da ɗanɗanon wancan, kuma ranar da kika sha shi kin kasa kaiwa saman waƙar a birnin Biyana. Da na faɗa miki a lokacin, da yanzu mun manta. Sai na koma aika miki ruwan kanwa.

Shekara arba'in da huɗu, Mazal. Har ɗalibanki kin riƙa ba su kurɓi kafin jarrabawa. Ban san yawan mawaƙan Turai da ke yawo da kanwar kasuwar Aziziyya a cikinsu ba.

Na iya barin ki ki sha ƙarya. Ba zan iya barin a wanke ki da ita ba. Dawuda zai kawo miki kwalba biyu. Mai hatimi a baki ita ce Zamzam. Mai jan zare a wuya ita ce tawa.

Ki yafe mini.
Rabi'atu

Aziziyya, Makka
27 ga Rajab, 1445

'Yar'uwata,

Ina gaishe ki da safiya. Allah ya sa kin kwana da sauƙi.

Nora ta kira ni jiya. Larabcinta ya fi Hausarta, Hausarta kuwa Allah ya ba ta lafiya, amma mun fahimci juna. Ta ce kin karanta takardar, kin juya wa ɗaki baya, kwana uku ba ki kula kowa ba. A na huɗu kika faɗi wata kalma da ba ta sani ba, ta rubuta ta a tafin hannu don ta tambaye ni. Na ce mata ma'anarta ƙaunatacciya. Ja'ira kika ce, na sani, kuma na karɓa.

Ta ce kin sa ta rubuta saƙo, ta karanta mini. Wai ruwan ba shi ya dame ki ba. Abin da ya tsaya miki shi ne nono ɗaya muka sha, amma na ɗauki maƙogwarona ya fi naki tsarki. Tun jiya nake juya maganar, na yi sallah biyar a kai. Haka na ɗauka a wancan lokacin, gaskiyarki ce.

Ta ce mai hatimin kin sa an ajiye ta a saman kabad, ba a buɗe ba. Mai jan zaren kuwa tana kusa da gadonki, da ita ake jiƙa miki leɓe da auduga. Na yi dariya har Nora ta ɗauka kuka nake. Daga baya ya zama kukan.

Amma na sa ta maimaita saƙon sau biyu, ban ji inda kika ce kin yafe ba. Na tambaye ta ko ta tsallake layi. Ta ce a'a. Sannan ta faɗa mini cewa tun ranar Litinin muryar ta tafi gaba ɗaya, ko raɗa ba kya iyawa.

To, ba magana nake nema ba. Nora za ta riƙe miki wannan takardar ki karanta, sannan ta ajiye ta kama hannunki. In kin yafe, ki matsa sau ɗaya. In ba ki yafe ba, ki bar hannun yadda yake, ta yi alkawarin ba za ta gyara mini labari ba.

Wayar tana kan cinyata.

'Yar'uwarki,
Rabi