Alƙaluma Uku da Madanni Guda

Zuwa ga taubashina, marigayi Malam Idi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, ina sanar da kai cewa wannan takarda daga ubangidanka take. Na san da kana raye da sai mun ɓata rabin yini kan wane ne bawan wani. Ɗiyata Rakiya ta ce za ta ɗora ta a shafinta mutane su karanta. Su karanta. Ni dai da kai nake.

Idi, na gama. Wallahi na gama aikin! Tun shekaranjiya nake neman wanda zan gaya wa har ya gane girman abin, ban samu ba sai kai.

Ka tuna alkawarin da ka ɗaure ni da shi. Kana kwance, ka nuna mini adakar da ke ƙarƙashin gado, wadda ka tara kaye-kayenka, littattafan lissafin ruwan sama, a ciki. Shekara talatin da ɗoriya kana fita bayan kowane ruwa, ka duba ma'aunin da ka kafa a bayan rumbu, ka rubuta abin da ya zuba. Ba wanda ya sa ka. Ka ce mini, "Alu, kada ka bar wa gara." Na ce to. Ban san abin da na ɗauka ba.

Lokacin da na buɗe adakar, gara ta riga ta taɓa gefen kaye biyu. Rakiya ta zo mini da tsohon ordinatar ɗinta, kwamfuta ke nan, daga Tawa, da ƙaramin fano na hasken rana. Ta nuna mini wani tablo da ke ciki, mai gida-gida kamar ramukan dara. Na ba kowace shekara layinta na tsaye, kowace rana layinta na kwance, daga Mayu zuwa Oktoba. Buga lambobi bai ba ni tsoro ba. Ka san na yi shekaru ina ƙwanƙwasa injin rubutu a ofis, yatsuna ba su manta hanya ba, sun dai tsufa. Damina biyu da rani biyu na yi ina shigar da su, kaɗan-kaɗan, daga hantsi har batir ya gaji ko ni in gaji.

Amma lambobi ba su ne aikinka ba, kai ma ka sani. Launin ne. Ranar da aka yi ruwan da ya isa shuka kana shafa mata kore. Yayyafi, shuɗi. Ruwan ɓarna da ya cika ƙorama ya kwashe shinge, ja. Kakan ce, "Lamba ta masu karatun lakwal ce, launi na kowa ne." Tsofaffin garin nan da ba su taɓa riƙe alli ba sukan zo zaurenka in ana gardamar ko a shuka ko a dakata, ka buɗe musu kaye su gani da idonsu. In na bar tablon ba launi, na kwafe rubutunka ne kawai, na bar mutanenka a waje.

A nan na tsaya cik.

Ba ka ga yadda hannuna ya zama ba. Rawar da ka sani ta ninka. Shayi ma rabin kofi ake zuba mini. Kafin a shafa wa gida ɗaya launi sai an kama ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, suri suke ce masa, a kai kibiya can sama kan wani hoton bokiti wanda bai kai ƙwayar wake ba, a danna. Ni kuwa in na nufi bokiti sai in faɗa kan maƙwabcinsa. Rubutu ya yi kauri, ko ya karkace, ko wata taga ta buɗe da ban san yadda ake rufe ta ba. Na taɓa yin safiya guda cur ban wuce gida ashirin ba.

Ga shi Rakiya ta yanke magana. Tun da na faɗi a bakin randa ba kowa a gidan, ta ce ba zan ƙara yin damina ni kaɗai ba, mota za ta zo kafin ruwan farko. Na duba abin da ya rage, na duba kwanakin, na ga ko damina uku aka ƙara mini ba zan kai ba. Ban gaya wa kowa ba, amma na fara shirya abin da zan ce maka in mun haɗu.

To, saurara ka ji ikon Allah.

Ranar wata Talata na samu da ƙyar na shafa wa gida ɗaya kore. Na gangara da madannin kibiya zuwa wata ranar ruwan, na miƙa hannu zan ɗauki madubin idona da na ajiye a saman madannai. Sai hannun ya yi rawarsa, ɗan yatsa ya bugi wani madanni a layin sama. Ina ɗaga kai na ga gidan ya zama kore.

Na ce ko dai na shafa na manta ne. Na sa madubi, na bi layin saman nan ɗaya bayan ɗaya, har na iske shi. F4 aka rubuta a kansa. Na gangara wani gidan, na danna. Kore! Na ƙara. Kore! Idi, ashe abin da ka yi na ƙarshe shi yake riƙewa, duk inda ka kai shi ya sake yi maka. Ba suri, ba bokiti. Yatsa ɗaya a kan kibiya, ɗaya a kan F4. Madannai kuwa ba sa gudu, ko hannu na rawa suna nan inda suke.

Na yi dariya har tari ya kama ni, har akuyar maƙwabta ta leƙo. Hannun da ya hana ni aiki shi ya nemo mini mafita. Kuma ba kowa ya faɗo mini a rai ba sai kai.

Ka tuna a makarantar lakwal, ranar da mushe, malaminmu, ya kama mu muna Hausa a cikin aji, ya ce kowa ya rubuta layi ɗaya sau ɗari biyu? Ni na zauna ina yi ina hawaye. Kai ka ari alƙaluma biyu, ka haɗa da naka, ka sa tsinken kaba a tsakaninsu don tazara ta yi daidai da layin kaye, ka ɗaure da zaren da ka zare daga bakin rigarka. Ka tsoma su a tawada tare. Ka dube ni ka ce, "Bawana, hannu guda, aiki ukku." Ka gama ka tafi wasan langa, ni ko rabi ban kai ba. Shekara sittin da wani abu ke nan, sai yanzu masu ƙera inji suka cim maka.

Kuma ka tuna yadda aka kama ka. Hannunka ya zame sau ɗaya, sai zamewar ta fito a layi uku, wuri ɗaya, kamar an auna. Mushe ya daɗe yana duban takardar kafin ya aika a yanko tsumagiya.

Ni ma na sha tawa tsumagiyar. Kwana na uku, ina cikin gudu, na ga wani layin kwance da na shigar sau biyu, na cire shi. Na ci gaba, na danna F4 ina jiran kore. Sai na ga rana ta ɓace. Na ƙara dannawa don ban gane ba. Wata ta ɓace. Kafin hankalina ya dawo na haɗiye kwana huɗu na watan Agusta a dukan shekarunka. Shi bai san kore ba, bai san alheri ba, abin da aka yi na ƙarshe kawai ya sani, kuma cirewa ce ta ƙarshe. Allah Ya sa Rakiya ta manna mini wata takarda a bango tun farko, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa in na yi ɓarna in riƙe Ctrl in danna Z. Na danna sau huɗu, kwanakinka suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Sai da na tashi na yi alwala kafin ƙirjina ya kwanta.

Daga nan na koyi tafiya da shi. Launi ɗaya nake ɗauka in bi dukan shekaru da shi, ba na taɓa komai a tsakani. Kore ya ci kwana biyar, shuɗi uku, ja yini guda. Ina yi ina kiran sunayen shekarun kamar masu shigowa gaisuwa.

Ranar kasuwa na ba direban da ke zuwa Keita ɗan makullin da ake zuba aikin ordinatar a ciki, aka bugo mini shi da launi a takardu, na manna su da ƙaro suka zama shimfiɗa guda. Idi, da ka gani! Kamar bargon luru. Shekarun ƙoshi sun yi kore shar, na wahala sun yi fari fat da ɗigon shuɗi nan da can. Abin da ke ɓoye a kaye talatin ya fito a tabarma ɗaya.

Kafin in kai zauren mai gari, Hajo na fara kai wa. Matarka ce, ita ta fi kowa haƙƙi, ko da yake ta sha cewa kaye-kayen nan sun fi ta daraja a gidan. Na shimfiɗa mata a tsakar gida. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta bi da yatsa, ta tsaya a wani layi mai kore uku da dogon fari a tsakaninsu. Ta ce wannan ce shekarar da kuka yi shuka sau uku, har ta sayar da tasoshinta aka sayi iri. Na duba lambar shekarar. Ita ce.

Sai ta tambaye ni ko na sa 'yan gicciyen da kake yi a gefen wasu ranaku. Na ce na sa, amma ban san ma'anarsu ba. Ta yi dariya, ta rufe baki da gyale. Ashe duk ranar da ka yi tafiya aka yi ruwa, ita ke zuwa bayan rumbu. Ta tsoma tsinke a ma'aunin, ta karya shi daidai inda ya jiƙe, ta soke a jinka. In ka dawo ka auna tsinken da regil, wato rula, ka rubuta. Kai, munafuki! Shekara nawa muna tare ba ka taɓa gaya mini kana da mataimakiya ba.

Layinka na ƙarshe ya tsaya a tsakiyar Agusta, daga nan fari ne har ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa. Daga baya ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ma'aunin naka a naɗe cikin tsohon zane, ko tsatsa bai yi ba. Ta ce a sake kafa shi. Ita za ta riƙa karya tsinke, malamar lakwal ta auna mata, su kira ni a waya.

Mota za ta zo Asabar. Zan tafi Tawa, ba don ina so ba, amma ba da kunyarka zan tafi ba. Takardar tana manne a zauren mai gari, jiya har an fara gardama a gabanta. Na kuma buɗe sabon layin tsaye kusa da naka, na rubuta shekarar bana a kansa. Gabas ta fara haɗa gira da yamma. Ranar da Hajo ta kira, zan shafa wa gidan farko launi da hannuna, ko zai ɗauke ni safiya guda. Sauran na bar wa F4, magajin alƙalumanka.

Ina kewarka, Idi. Zauren nan ya yi mini faɗi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa kowane ɗigo da ka auna ya zama rahama a kabarinka. Ya ba Hajo lafiya da tsawon rai. Ya ba mu damina mai albarka, mai yawan kore. In tawa ta zo, Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Naka har kullum,
wanda ya yarda yau ɗaya ya zama bawanka,
Alu