Zuwa ga Baba, Kan Gambar Iyakar Gona

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangijinmu. Ni ne Ishaya, babban ɗanka, daga shagon ɗinkina a Kontagora. Damina uku ke nan da rasuwarka. Bana aka raba mu da Sakkwato aka ba mu Jihar Neja, jama'a sai murna suke, ni kuwa ba ta ita nake ba.

Ka tuna gambar da muka dasa, ni da kai, tsakanin gonarmu ta Rijau da ta maƙwabcinmu Gado? Kana haƙa ina saka saiwa, tun daga gindin ɗorawa har bakin rafi. Ka ce da ni, "Ishaya, mai bin Yesu ba ya buƙatar rantsuwa, bakinsa ya ishe shi."

To, ƙanena Bitrus ya mayar da gambar nan mai ƙafa. Kowace damina sai ya tone ta, ya matsar da ita kunya biyu cikin gonar Gado. Shi a ganinsa ciyawa ba ta magana. Ya manta ɗorawa ba ta tafiya.

Gado ya kai ƙara, alƙali ya aiko a kira ni, don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka dasa. Kafin in shiga kotu Inna ta riƙe mini bakin riga. Ba ta ce in yi ƙarya ba, cewa ta yi in ce na manta.

Ban manta ba, Baba. Na faɗi inda muka dasa. Aka karɓe kunyoyin, aka yi wa Bitrus faɗa a gaban mutane kamar ɓarawon akuya.

Dattawan majami'a, waɗanda suka koya mana kada mu yi shaidar zur, su ne suka ce na rasa hikima. Wai da na yi shiru ai ba ƙarya na yi ba. Raina ya ɓaci, na gaya musu maganar da bai kamata a gaya wa manya ba, wannan kam laifina ne. Gado ma ko sannu bai ce mini ba.

Na aika wa Inna zane lokacin Kirsimeti, ya dawo a naɗe yadda na aika shi. Na je da kaina sau biyu, Bitrus ya bi ta bayan gida ya tafi.

Baba, ka koya mini gaskiya, amma ba ka gaya mini yadda mutum ke zama shi kaɗai bayan ya faɗe ta ba. Na gaji. Da za a sake kirana, abin da na faɗa shi zan faɗa, kuma wannan ba ya sanyaya mini rai ko kaɗan.

Jiya wani direban Rijau ya yi mini barka, yana zaton na sani. Matar Bitrus ta haifi namiji tun wata biyu. Sun sa masa sunanka.

Allah ya raya shi, ya ba shi bakinka. Allah ya sa wata rana a gaya masa yana da baffa.

Ɗanka,
Ishaya