Shatin Yatsa a Kan Kwabo

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tsaya a kaina, ba kuma zafin ciwo ke magana ba. Ƙafafu sun ƙi, ido ya fara yaudarata, amma kai garau yake. Likita ya yi ta kewaye-kewaye ranar Talata, na dai gane inda ya dosa. Takardar taku ce ku uku: kai Dogo, babbansu, kai Auta, da ke Uwata, mai sunan mahaifiyata, ko da yake ban san ko za ki zauna a karanta miki ba.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara. Kada in ji an ɗaga murya a kan kujera ko katifa.

Na biyu. Kabad ɗin ƙarfe mai durowa takwas da ke ɗakina, wanda Auta ke cewa shi ne autan gaskiya a gidan nan. Tsofaffin kwabbaina ne a ciki, na azurfa da na jan ƙarfe, daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a tagar sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Wata rana wani fasinja ya turo min kwabo mai hoton jirgin ruwa, na sa nawa a madadinsa na riƙe. Daga nan ciwon ya kama ni, bai kuma sake ni ba. Kada ku kai su wurin mai sayen ƙarfe a awo, ko a kabari sai abin ya dame ni. Ku kai wa mai gyaran agogo na bakin kwana. Mu biyar ne muke haɗuwa a shagonsa duk Asabar muna musu a kan kwabbai, yanzu saura ni da shi. Kunnensa ɗaya ya mutu, bakinsa ba linzami, amma idonsa ba ya ƙarya. In kun ga dama ku sayar, shi zai yi muku jagora. Ko ba don kwabo ba, ku riƙa leƙa shi. Na san yadda wuni yake tsawo in ba mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Na uku. Kafin su bar hannunku, ga yadda ake riƙonsu. Ta gefe ake ɗauka, da safar audugar da ke durowa ta sama. Kada ku yi hira a kansu, feshin yawu yana barin tabo. A ambulan na takarda suke kwana, ba a leda ba, nesa da danshi. A bayan kowane ambulan na rubuta matsayinsa: wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, wanda ya ɗan zaga amma ƙananan layukansa na nan, wanda ya sha hannu, sai wanda fuskarsa ta shafe. Abin da ya fi komai, kada ku goge su. Duhun nan da kuke gani kamar datti, shi ne shaidar shekarunsa. In aka goge, kwabo ya yi ƙyalli, darajarsa ta tafi, ba ta dawowa.

Wannan doka na sani sarai, ita ce kuma ta raba ni da 'yata.

Na huɗu. Durowa ta ƙasa, mai kwabbai arba'in da biyu, ta Uwata ce. Ba ta cikin gado. Kyauta na yi mata tun ina da rai, mai agogo shaida ne.

Kun san labarin, amma ba ku taɓa jin sa daga bakina ba. Wata biyu bayan rasuwar mahaifiyarku na zama kamar kujerar ɗakin, ba ci, ba magana. Uwata ta bar gidanta ta zo ta zauna da ni. Ranar da na je asibiti, ta ɗauko durowar nan, ta samo lemun tsami da toka, ta wuni tana dirza har fatar yatsunta ta saɓule. Ta tare ni a bakin ƙofa tana murmushi, tire a hannu yana walƙiya, so take ta ga na yi dariya ko sau ɗaya. Ni kuwa na ce ta kashe min aikin shekara ashirin a wuni guda. Na ce kada hannunta ya sake taɓa wani abu nawa. A gabanku na faɗa. Ta ajiye tiren a hankali, ta ɗauki jakarta.

Shekara tara ke nan. Ta riƙe maganata fiye da yadda na riƙe ta. Gaisuwa takan zo ta waya a taƙaice, magani yakan zo ta hannun Auta. Ranar bikin Auta, Uwata ta durƙusa daga nesa, na miƙa hannu, ta yi kamar ba ta gani ba. Ni ma girman kai ya hana ni buɗe baki. Na ji kunya, na kuma ji kewa, har yau ina ji.

Mai agogo ya duba kwabban ya ce duk sun sauka mataki biyu. Gaskiyarsa. Amma durowar nan ita kaɗai nake buɗewa kullum bayan na karya. A cikinsu akwai wani babban kwabo na jan ƙarfe da ta danna da babban yatsa bayan ta goge. Jan ƙarfe ba ya mantuwa. Da shekaru suka tafi, shatin yatsan ya yi duhu ya zauna daram, kowane layi ya fito. A wurin masana wannan aibi ne mafi muni. Ni kuwa nakan sa gilashina in yi ta kallonsa har shayi ya huce. Shi ne abin da ya rage min na hannunki, Uwata.

Na biyar. Dogo da Auta, ku biyu za ku kai mata, ƙafa da ƙafa, ba aike ba. Kada ku ce Baba ya yafe mata, ba ta yi laifin da za a yafe ba. Ku ce Baba yana roƙon gafara. Kai Dogo, ka goyi bayana ranar, tun daga nan ba ka taka gidanta ba. Biyayya ka yi, amma a kan kuskure. Ka je ka zauna, ka ci abincinta, ka san sunayen 'ya'yanta.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku, ya tsare ku daga kalmar da ba ta gogewa. Ku riƙe juna, ku riƙa haɗuwa ba sai an yi rasuwa ba.

Auta, na san kana leƙa takarduna in ka zo. In ka ga wannan ina da sauran numfashi, kada ka jira. Ka gaya mata ƙofa a buɗe take tun safe, durowar ma ban kulle ba. Ta zo ta ɗauka da hannunta, ba sai da safa ba.

Mahaifinku.