Gonar Abarbar da Na Bari

Yaya Dansu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Ni lafiya lau nake a Libreville. Korona ta rufe shagon maigidana, amma cin sau ɗaya a rana ma rage tumbi ne.

Na ji kamfanin matse ruwan abarba ya zo garinmu Allada yana raba wa manoma iri da taki, har yana sayen girbi a bakin gona. An ce da suka iso gonata suka ga ciyawa ta kai kafaɗa, suka wuce. Ranar tafiyata ka ce, "Ɗan birni, fartanyarka tana jiranka." Dariya na yi maka.

Don Allah ka share mini ko gefe ɗaya, ko za su dawo. Allah ya saka maka. Kada Inna ta ji, abarbar wani nake yankawa ina talla a tire.

Ƙaninka,
Mahunyo